Danshin Motar Malama Juwairiyya

Lungun su Malama Juwairiyya a garin Ƙofa ba ya ɗaukar mota. Mai babur ma sai ya sauke ƙafafu yana dogarawa, in kuwa ya haɗu da jaki mai kaya to dole ɗaya ya koma da baya. Shi ya sa tun da ta sayi 'yar motarta, wata ja mai ƙofa huɗu wadda ta sha hannu kafin ta iso gare ta, motar ba ta taɓa kwana a inuwar gida ba. A bakin titi take barin ta, a ƙofar gidan Baba Dikko, dab da dakalin da tsohon yake shan hantsi.

Baba Dikko aminin marigayi mahaifinta ne. A zamanin ƙarfinsa dillalin shanu ne, ba kasuwar da bai taka da ƙafa ba daga Bebeji har Tudun Wada, kuma har yanzu in garke ya gifta sai ya bi shi da ido yana gaya wa na kusa da shi wace saniya ce mai nono, wacce ce kuma ba za ta ga kaka ba. Shi da bakinsa ya ce mata, “Ajiye ta nan, 'yar Malam. Ina zaune ba mai taɓa miki ita.” Matarsa ta daɗe da rasuwa. Gidan yanzu yana hannun 'ya'yansa maza biyu, Alhaji Mu'azu mai sayar da takin zamani da masara, da ƙanensa Jamilu. Sun rushe ɗakunan ƙasa sun tayar da na bulo, kowa da sashensa, shi kuwa tsohon yana nan a ɗakinsa na ƙasa da ke jikin zaure.

Juwairiyya shugabar wata makarantar firamare ce a wani ƙauye kan hanyar Bebeji, kuma malamanta sun san ta da abu guda, ba ta yafe makara. Duk tsawon rani motar ba ta ba ta wahala ba. Damina ta faɗi, nan ma da sauƙi. Sai da marka ta kankama, ruwa ya koma zuba ba dare ba rana, sannan abin ya fara.

Kullum da safe in ta iso sai ta tarar gilashin gaba ya yi fari fat, kamar an shafe shi da koko. Ta kunna waifa, waifa ta yi ta kai da kawowa a banza, don gumin daga ciki yake. Ta goge da gefen hijabinta, kafin ta kai kwana ya sake rufewa. Gilasan baya kuwa har ɗiga suke yi. Kujeru suka ɗauki sanyi, wani wari irin na wankin da ya kwana a bokiti ya zauna a ciki, funfuna ta fara fitowa a jikin bel ɗin kujera. Wata safiya tana tuƙi tana leƙe ta ɗan wurin da ta share, saura ƙiris ta kwashe wata mai tallar nono da ƙwaryarta. Matar ta tsaya a gefen hanya ta wanke ta tas, da Hausa da Fulatanci. Ranar ta isa makaranta yara sun riga sun shiga aji, malaman da ta saba tsarewa a bakin ƙofa suna gaishe ta da ladabin da ta san na dariya ne.

Dabarar da ta fara zuwa mata ita ce ta rufe motar. Ta sayi ƙaton tamfal, ta lulluɓe ta ruf, ta danne gefunan da duwatsu. Da ta yaye bayan hutun ƙarshen mako sai ta ga ta ƙara wa kanta aiki, har sitiyari ya yi danƙo.

Sai ta kai wa Bala, makanikenta a Bebeji. Ya zagaya motar, ya cusa hannu ƙarƙashin waifa ya zaro dunƙulen ganyen darbejiya da ya ruɓe ya toshe hanyar ruwa. Ya buɗe but ya ɗaga safaya, sai ga ruwa kwance a raminta. Ya kwashe, ya canja robar ƙofa ɗaya da ta tsage. Da ta ba shi labarin tamfal ya yi dariya, ya ce ai tamfal ba ya barin mota ta sha iska, danshin ƙasa yake tarawa ya mayar mata ciki. Ya ce ta riƙa fitar da shimfiɗun ƙafa tana shanyawa, ta bar gilasai a ɗan sauke duk ranar da rana ta fito, ta wanke gilashin ta ciki sosai don datti ne yake riƙe gumi, sannan ta zuba gawayi a kwando ta ajiye a ciki ya riƙa shanye laimar. Ƙofar baya ta hagu kuwa, wadda makullinta ya daina kamawa tun bara, ya ce sai an samo kayanta daga Kano.

Juwairiyya ba ta yin abu rabi. Ta sa gawayi kwando biyu. Wata malama ta ce mata shinkafa ma tana jan danshi, ta zo gida ta kwashe safunan mijinta ta ɗura musu shinkafa ta ƙulle, ta jera su a gaban gilashi. Mijin nata, Malam Mujitaba, tela ne mai sanyin hali. Ya duba akwati bai ga ko ƙafa ɗaya ba, ya ce, “Malama, in motar ta gama da safar tawa a taimaka a dawo mini da ita kafin Juma'a.” Ba ta yi dariya ba. A makaranta kuwa, da rana ta ɗan leƙo sai ta buɗe ƙofofin duka huɗu, ta baje shimfiɗu a kan katanga. Kafin a tashi motar ta bushe ƙayau, warin ya tafi, ta koma gida da murna.

Da safe gilashi ya yi fari fat.

Ta koma wurin Bala da faɗa. Ta ce ya karɓi motar ya wuni da ita bai yi komai ba, robar da ya sa ma wa ya sani ko tsohuwa ce. Bala ya ji haushi, ya sa ta shiga ta zauna, ya yi ta sheƙa wa motar ruwa da bokiti ta ko'ina. Ko ɗigo bai shiga ba. Ya ce, “Malama, motar nan ba ta yoyo. In dai ba tunkiya kike kullewa a ciki ta kwana tana numfashi ba, ni ban san inda ruwan nan yake fitowa ba.”

Ta tafi a fusace, tana ganin raini ne. Amma a hanya maganar ta tsaya mata a rai. Washegari ta duba motar da idon bincike. Kwandon gawayin da ta ajiye a bayan kujerar direba yana bayan ɗaya kujerar. Kujerar baya ta yi laima daga wannan gefe zuwa wancan. Kuma ban da warin danshi akwai wani ƙamshi-ƙamshi na man zafi. Ta tuna ƙofar da ba ta kulluwa. Ta ɗaga kai ta dubi teburin mai shayi da ke tsallaken titi, inda samarin unguwa suke yini suna kwana, sai ta ɗora zarginta a kansu.

Da yamma ta sami Baba Dikko a dakalinsa ya ƙudundune a cikin babbar riga. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta zazzage masa komai.

“Baba, shiga motar nan ake yi. Wani mara mutunci ne ya mayar mini da ita ɗakin kwana. Ni ina wahala da gawayi da shinkafa, ina makara, na kusa kashe baiwar Allah a hanya, shi kuma yana miƙe ƙafa a kujerata. Ba ka taɓa ganin kowa ba?”

Tsohon ya dubi titi. “Ni ban ga wani ya zo daga waje ba.”

“To ko wane ne, Allah ya isa tsakanina da shi.”

“Kada ki yi saurin Allah ya isa, 'yar Malam,” in ji shi a hankali. Ya yi tari mai tsawo. Ita kuwa ta ɗauka irin haƙurin tsofaffi ne, ta yi masa sannu ta wuce, tana shirya yadda za ta sa a ɗaure ƙofar da waya ranar Asabar.

Ba a kai Asabar ɗin ba. Ranar Alhamis akwai taron shugabannin makarantu a Bebeji, ta fito da sassafe, gari ya waye amma titi ba kowa, don an kwana ana ruwa kuma har lokacin ana yayyafi. Tun daga nesa ta hango motar ta yi fari ko'ina, fiye da kullum. Da ta matso sai ta ga takalmin roba ƙafa biyu an jera su a ƙarƙashin motar, inda ruwa ba zai taɓa su ba. Ta ajiye lema, ta kama ƙofar baya ta fizge da ƙarfi, bakinta cike da maganar da ta tanada.

Baba Dikko ne. Yana kwance a takure, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ya yi matashi da buzunsa na salla, ya rufa da wani bargo da ya jiƙe rabi. Jikinsa yana karkarwa. Ya buɗe ido ya gan ta, ya yunƙura zai tashi ya kasa.

“Makara na yi,” ya ce. “Kullum kafin kiran salla na fita. Yau jikin ne ya ƙi.”

Ta daɗe a tsaye ruwa yana sauka a kanta. Abin da ya fara dawo mata shi ne Allah ya isan da ta yi a gabansa, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta taɓa goshinsa, zafi kamar garwashi.

“Baba, ina ɗakinka?”

“Ya faɗi.”

“Tun yaushe?”

“Tun farkon markar nan. Bangon baya ne ya zauna, rufin ya biyo shi. Allah ya sa ina masallaci.”

A hankali, yana yi yana hutawa, ya gaya mata sauran. Yaran sun ce a bari sai kaka a tayar masa da na bulo. Ya koma zaure, amma zauren cike yake da buhunan taki, warin yana shaƙe masa ƙirji har ya kasa numfashi. Masallaci kuwa in ya kwana sau ɗaya gari ya ji. Wata rana ruwa ya kama shi a dakali, ya jingina da motar, ƙofa ta buɗe. Tun daga nan yake shiga in ƙafa ta ɗauke. Ya ce yana cire takalmi, kuma kafin ya fita yana share kujerar da hularsa.

“Su Alhaji sun sani?”

“Ana kawo mini tuwo safe da dare, ba a taɓa fashi ba. Ba wanda ya tambaye ni inda nake kwana, ni kuma ban faɗa ba.”

Ba ta je taro ba. Ta goge gilashi da hannun riga, ta kai shi ɗan asibitin garin. Ma'aikacin lafiya ya ce zazzaɓi ne, kuma sanyi ya kama ƙirjinsa, da an ƙara kwanaki a haka da sai dai a wuce da shi Kano. Aka yi masa allura aka ba shi magani. Ta kira mijinta, suka tallafe shi suka bi lungu da shi a hankali har zauren gidansu, Malam Mujitaba ya ture keken ɗinkinsa gefe ya shimfiɗa masa katifa. Ta dama masa kunu, ta zauna har barci ya ɗauke shi. Sannan ta ja hijabi ta fita.

Daga titi ba abin da za ka gani a gidan Baba Dikko, don bangon gaba yana tsaye lafiya lau. Sai da ta yi sallama ta ratsa tsakanin buhunan da aka jibge har rufin zaure sannan ta ga ɗakin. Azara ta karye ta danne gadon ƙarfensa. Akwatinsa yana nan rabi a cikin laka. A kan tarin ƙasar har ciyawa ta tsiro ta yi tsawo. Ta nan duk mutanen gidan suke wucewa, safe da yamma. Ta ɗaga ido, ga ɗakunan bulo sun sha fenti, ga wani ɗaki an garƙame da kwaɗo, ta tagarsa ana hango buhunan masara. A kusurwar tsakar gida kuma ga rumfar kwano sabuwa fil, ragunan Alhaji guda uku suna kwance a ƙarƙashinta a kan busasshen ƙaiƙayi.

Shagon Alhaji Mu'azu yana jikin gidan. Ruwa ya ɗauke, manoma sun taru ana auna musu taki, shi yana zaune a kujerar roba da waya a hannu, Jamilu yana kan sikeli. Ta gaishe shi kamar yadda aka saba, don ya girme ta. Sannan ta ce, “Alhaji, ina Baba yake kwana?”

“Wace irin tambaya ce wannan, Malama? A gida mana.”

“Wane ɗaki?”

Ya sauke wayar. “Yana wajen Jamilu.”

Jamilu ya ɗago daga kan sikeli. “Ni na ɗauka yana zaure, Yaya.”

Manoman suka juyo. Juwairiyya ba ta ɗaga murya ba, irin muryar da take yi wa malamin da ya makara ta yi, kuma ba wanda bai ji ba.

“A motata yake kwana. Tun farkon marka mahaifinku yake naɗe ƙafa a kujerar baya kamar kayan wanki. Yau na same shi ya kasa tashi, yanzu haka yana zauren gidanmu da allura a jikinsa. Mutumin da ya yi ta bin shanu a ƙafa har ya ɗora ku a kan abin da kuke taƙama da shi.”

Fuskar Alhaji ta canja. “Kin san halin tsofaffi da taurin kai. Mun ce masa da kaka za a yi gini. Wa yake gini a cikin ruwan nan?”

“Ragunanka ba su jira kaka ba. Masararka ma tana da ɗaki har da kwaɗo.”

Wani dattijo cikin masu sayen taki ya ɗauki buhunsa ya tafi. Alhaji ya miƙe tsaye.

“Ke wace ce a gidan nan? Maganar gidanmu ce za ki kawo mini bakin shago? To ki ɗauke motarki daga ƙofarmu yau ɗin nan. Da ba ki ajiye ta a nan ba da duk wannan bai faru ba.”

Wannan maganar ce ta fi ƙona mata rai, kuma ta daɗe tana juya ta. Wato laifin motar ne. Da babu ita da tsohon ya shaƙi taki a zaure ya mutu a rufe, ba wanda ya ji kunya. Ta buɗe baki za ta faɗi haka, sai ta ga in ta fara ba za ta iya tsayawa ba. Ta juya, ta shiga motar, ta kai ta filin da ke bayan asibiti ta ajiye, ta dawo gida a ƙafa ta cikin taɓo.

Labari ya riga ta isowa. Ta tarar Baba Dikko ya tashi zaune ya jingina da bango, kwanon kunu a gefensa. Ta durƙusa za ta yi masa sannu, ya kawar da kai.

“Wa ya aike ki?”

“Baba…”

“Na ce wa ya aike ki? Kina tsammani ban da baki ne? Ni na zaɓi sanyi a kan a yi da 'ya'yana a gari. Duk wahalar da na sha ina ɓoyewa, kin kwashe ta kin zubar a bakin shago.”

Ta tashi ta shiga ciki. Malam Mujitaba ya biyo ta, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki. Ya ce, “Gaskiya kika faɗa, ba wanda zai ce ƙarya ce. Amma da kin same shi a cikin gida.”

“A wane ɗakin? Wanda ya rushe?” Ta cire hijabin da ya jiƙe ta wurgar kan gado. “Kowa yana lallaɓa Alhaji kada ya ji kunya. Tsoho yana lallaɓa shi, kai ma kana lallaɓa shi. Shi wa ya lallaɓa? In yau aka sake, wallahi a nan zan sake faɗa.”

Mijin ya koma zaure, ta jiyo shi yana lallashin tsohon ya sha magani.

Mai unguwa ya kira 'yan'uwan biyu washegari. Abin da aka yi a can ba ta sani ba, amma da la'asar Jamilu ya zo da kansa, ya tsuguna a gaban mahaifinsa yana share hawaye, ya ce an kwashe rabin masarar, an sa katifa, ya zo su tafi gida. Baba Dikko ya tambaye shi ko Mu'azu yana gari. Jamilu ya ce yana shago. Tsohon ya ce ba zai iya zama a dakalin nan ba yanzu, kowa ya wuce yana kallonsa yana tausaya masa. A kira masa Tasalla.

Tasalla ita ce 'yarsa da take aure a Dangora, sa'ar Juwairiyya ce, tare suka yi wasan ƙasa. Ba wanda ya gaya mata ɗakin ya faɗi. Da Juwairiyya ta yi mata bayani a waya sai da ta cire wayar daga kunne saboda kuka. Daga baya mijin Tasalla ya karɓa, ya ce ɗakin mahaifinsa yana nan ba kowa, a kawo Baba ko yau.

Sai da Baba Dikko ya ƙara kwana biyu ya ɗan ji ƙarfi. Alhaji ya aiko cewa a shirya, zai sa direbansa ya kai shi. Baba Dikko ya ce a gaya masa ya gode. Ya dubi Juwairiyya, karo na farko tun ranar, ya ce, “Wadda ta fara ita za ta ƙarasa.”

Kayansa ba su cika but ba. Jamilu ya tono akwatin daga cikin laka ya wanke, sai buzu da buta da sanda. Tsohon ya zauna a gaba. Suka bar Ƙofa da hantsi, gonakin masara da dawa sun yi kore shar a kowane gefe, ruwa kwance a ramukan hanya. Wani garke ya tsare musu hanya, ta taka birki suna jira. Ya bi shanun da kallo har na ƙarshe ya haye.

“Ubanki ma haka yake,” ya ce. “In ya ga abu sai ya faɗa, ko a gidan biki. Mun sha ɓatawa da shi a kan haka.”

“Ka yafe mini Allah ya isan da na yi, Baba. Ban sani ba.”

“Wannan ba komai, motarki ce. Ɗayar ma na yafe. Amma 'ya'yana ne. Kada ki ƙara zaginsu a inda zan ji.”

“To, Baba.”

A Dangora Tasalla tana tsaye a ƙofar gida tun kafin su iso. Ta ga yadda ya rame, ta toshe baki da mayafi. An share ɗakin, an kunna garwashi a kasko, an shimfiɗa sabuwar tabarma. Ya zauna a bakin gado ya taɓa bangon da tafin hannu, ya ɗaga kai ya duba rufin, sannan ya ce a ba shi ruwan alwala.

Ranar Juma'a Alhaji Mu'azu ya sa aka ɗora buhun shinkafa a bayan motarsa a gaban jama'a, ya tafi Dangora. Ya dawo yana gaya wa mutane cewa shi ya ga ya kamata Baba ya je ya huta wajen 'yarsa, ya canja iska. Wasu suka ce Allah ya saka masa da alheri. Da kaka ta yi kuwa aka kwashe ƙasar ɗakin, aka tayar da na bulo kamar yadda ya yi alkawari, aka fasa masa ƙofa ta titi, aka zuba maganin feshi da iri a ciki.

Juwairiyya tana wucewa ta nan kullum a ƙafa, a hanyarta ta zuwa bayan asibiti. Wata safiya ta same shi a ƙofar sabon shagon yana sa yara su jera kaya. Ya washe baki kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu, ya yi mata sallama, ya tambayi Malam da aiki da yara. Ta amsa sallamar, don wannan wajibi ce. Sauran ta bar masa a bakinsa, ta tsallake kwata ta wuce.